Gidan tarihin ogan na titi a Haarlem: ya cancanci zuwa, kuma me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ƙasar Holan. Abokan karatuna sun matsa mu je Haarlem ranar Lahadi, wai akwai wani ƙaramin gidan tarihi da aka tara akwatunan kiɗan nan masu kaɗa kansu, irin wanda nake gani a kan amalanke a bakin kantuna ranar Asabar, wani mutum na gefe yana girgiza gwangwanin kuɗi. Ni dai ban ga dalilin kashe kuɗin jirgi don kallon tsofaffin akwatuna ba. Ya cancanci zuwa? In zan je me zan duba? Kuma ba gara in tafi babban gidan tarihin da ke Utrecht ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka je, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ka je lokacin da ake kunna su, domin ogan, wato akwatin kiɗan nan, idan yana tsaye shiru kabad ne kawai mai fenti, ba abin da zai koya maka. Na biyu, kada ka ɓata lokacinka duka a gabansa. Yawancin baƙi suna tsayawa a gaba su ɗauki hoton furanni da gumakan katako, su fita suna cewa sun gani. Aikin yana baya. Ka nemi izinin mai kula da shi ka zagaya, ka tsaya kusa da kafaɗarsa yayin da yake sa waƙa. Abin da za ka gani a can ne zai biya maka kuɗin jirginka.

Bari in fara da abin da ke cikin akwatin, don idonka ya san abin da zai nema. Ogan ba rediyo ba ne, ba kuma faifai yake juyawa ba. Babu sautin da aka naɗa aka ajiye a cikinsa. Duk ƙarar da ka ji, a wannan daƙiƙar iska ta shiga wani bututu na katako ta fitar da ita. A bayan injin akwai babban wili na ƙarfe mai mariƙi. Idan aka juya shi, yana motsa zugazugai na fata da ke can ƙasa, aikinsu ɗaya da na zugazugin maƙeri, sai dai a nan ba wuta ake hurawa ba. Iskar ba ta wucewa kai tsaye zuwa bututai. Tana fara taruwa a wata ma'ajiya, ita ma ta fata da katako, wadda sifirin ke danne ta daga sama, don ƙarfin iskar ya zama daidai ko da hannun mai juyawa ya ɗan yi sauri ko ya yi sanyi. Idan iskar ta yi yawa akwai bawul da ke sakin rarar. Ka sa ido a kan ma'ajiyar nan lokacin da kiɗa ya yi kauri, manyan bututai suka buɗe tare: za ka ga ta ɗan lotsa sannan ta sake cika. Mai gyara daga wannan motsin yake gane ko fata ta fara yoyo.

Wannan wilin dai shi ne ke jan waƙar. Ita kuwa waƙar kwali ce. Littafi ne na kwali mai kauri da aka naɗe gaba da baya, shafi bisa shafi, an huda shi da ramuka, wasu gajeru wasu dogaye. Mai kiɗa zai ɗaga wani murfi, ya shimfiɗa shafin farko a kan wani layi na ƙananan haƙoran ƙarfe, ya mayar da murfin ya danne. Da wili ya fara juyawa, robobi za su ja kwalin ya riƙa wucewa. Kowane haƙori sifirin na tura shi sama, kwalin kuma na danne shi. Da rami ya iso kansa sai ya yi tsalle ya leƙo, wannan ɗan motsin ya buɗe wata ƙaramar hanyar iska, ita kuma ta buɗe bawul ɗin bututun da ke da wannan sauti. Ramin ya wuce, haƙori ya koma ƙasa, sauti ya ɗauke. Tsawon rami shi ne tsawon sauti. Littafin yana shiga ta wannan gefe yana fita ta wancan, yana naɗe kansa da kansa cikin tsari, shafi na faɗawa kan shafi. Yana tafiyar kusan mita uku da rabi a minti ɗaya, saboda haka waƙar minti 3 za ta ci kwali wajen mita 10. Idan ka ga kantoci cike da waɗannan littattafai a jikin bango, ka ɗaga ɗaya in an ba ka dama, ka ji nauyinsa, sannan ka tuna cewa masu tura amalanke da su suke yawo wuni guda.

Ka tsaya a nan ka daɗe. Ka zaɓi layin ramuka ɗaya a gefen kwalin ka bi shi da ido, kana sauraro. Ba da jimawa ba za ka gane cewa wannan layin na babbar ganga ne, wancan na ƙaramar ganga, wani kuma shi ne ke ɗaga hannun gunkin da ke gaba yana kaɗa sanda. Akwai ma ramukan da ba su da sautin kansu: aikinsu su kunna wani rukunin bututai ko su kashe shi, ta yadda amshi zai fito da wata murya dabam da ta baiti. Idan ka kai ga hango dogon rami yana tahowa ka san babban sauti na nan zuwa kafin ya iso, to ka fara karanta littafin ke nan.

Littafin kwali bai daɗe sosai ba idan aka kwatanta da ogan ɗin kansa. Anselme Gavioli, ɗan wani gidan maƙera ogan 'yan asalin Italiya da suka zauna a Paris, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1892. Tunanin huda kwali don ba inji umarni kuwa daga masaƙa ya samo asali, daga injin saƙar Jacquard na farkon ƙarni na 19. Kafin Gavioli, waƙar tana jikin wani mulmulallen gungumen katako ne da aka kakkafa wa dubban ƙananan ƙusoshi da gadojin waya. Gungumen na juyawa, ƙusoshin na ɗaga maɓallai. Ƙusa ɗaya gajeren sauti, gada dogon sauti. Matsalarsa a fili take: waƙa ba za ta wuce zagaye ɗaya na gungumen ba, kuma gungume ɗaya waƙoƙi kaɗan yake ɗauka, sau da yawa takwas ko kusa da haka, ana matsar da shi gefe kaɗan don a sauya daga wata zuwa wata. Sabon gungume kuma tsada ne. Shi ya sa mazauna birane suka tsani masu ogan na wancan zamani, kullum waƙoƙin nan dai, a ƙarƙashin taga ɗaya. Idan akwai mai gungume a inda ka je, ka roƙa a buɗe maka murfinsa. Dabarar ta girmi Turai ɗin ma a rubuce: 'yan'uwan nan uku da ake kira Banu Musa, a Bagadaza ta ƙarni na 9, sun bayyana wata sarewa mai busa kanta, ruwa na juya gungume mai haƙora, haƙoran na buɗe ramukan sarewar.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, wanda kuma allunan bayani ba su cika faɗa ba. Ana cewa injin yana kiɗa da kansa, amma akwai mutane biyu a cikin kowace waƙa. Na farko shi ne wanda ya tsara littafin. Ogan titi ba shi da dukkan sautukan da fiyano ke da su. Ana auna girmansa da yawan haƙoran nan, za ka ji ana cewa wannan mai 56 ne, wancan mai 72, wancan mai 90, kuma daga cikinsu ne ake cire na ganguna da na gumaka da na sauya murya. Abin da ya rage sai a raba tsakanin jagoran waƙa, da rakiya, da manyan sautukan ƙasa, waɗanda a ƙananan injina ba su da yawa ko kaɗan. Saboda haka mai tsarawa ba kwafe waƙa yake yi ba. Dole ya ɗaga ta ko ya sauke ta zuwa inda injin ke da sautuka, ya yi dabarar kauce wa wanda babu, ya cike gurbin da kwalliya da guje-gujen sauti don kada kunne ya lura da giɓin. Yana zana komai a takarda, a mayar kan kwali, sannan a zauna a huda rami bayan rami da injin da ake takawa da ƙafa. Yau kwamfuta na taimakawa wajen hudar, amma shawarar me za a sa, me za a bari, har gobe ta mutum ce. Masu kunnen abin suna gane hannun mai tsarawa daga jin waƙa. Ka tambayi mai kula da injin wa ya tsara littafin da ya sa. Tambayar nan ita ce za ta nuna masa ba hoto kawai ka zo ɗauka ba, kuma daga nan hira za ta buɗe.

Mutum na biyu shi ne mai juya wili. Da yake wili ɗaya ne ke ba da iska kuma yake jan kwali, saurin hannunsa shi ne saurin waƙar. Wilin ba ya da nauyi iri ɗaya a duk zagayen: akwai inda zugazugi ke turjewa, akwai inda yake sakin hannu. Sabon shiga yakan yi sauri a gangara ya yi nawa a hawa, sai ka ji waƙa tana ɗingishi. Gwani yana juyawa da jiki gaba ɗaya, yana sauya hannu ba tare da an ji ba, ya ɗan ja da baya a inda waƙa ke son numfashi. Mafi yawan injinan da ke titi yau wani ƙaramin inji ne ke juya wilinsu, na fetur ko na batir, wasu ma an sa musu na'urar lantarki da ke maye gurbin kwalin. Ban ce haramun ba ne, mutum ba zai yi wuni yana juya ƙarfe don kwabban da ake jefa masa ba. Amma in an ce maka ga wanda za a juya da hannu, ka bar duk abin da kake yi ka je. In kuma an miƙa maka mariƙin, ka karɓa. Minti ɗaya ya isa kafaɗarka ta fahimci abin da nake faɗa.

Sai bututan. Ta gaba, tsakanin sassaƙe-sassaƙen, za ka hango su jere, galibi na katako masu kusurwa huɗu. Iri biyu nake so ka rarrabe da kunne. Akwai sirara masu murya mai kaifi da ake kira na goge, don suna kwaikwayon gogen Turawa. Ka duba bakinsu da kyau, za ka ga wani ɗan farantin tagulla a gaban inda iska ke fita. Gidan Gavioli ne ya fito da shi, kuma shi ke riƙe siririn bututu kada sautinsa ya tsallake ya koma tsiwa. Akwai kuma masu toshe a ka, masu taushin murya. A ogan Holan akan jera irin waɗannan layi biyu, a saita layi ɗaya ya ɗan sauka daga ɗayan da gangan, kaɗan ƙwarai. Idan suka busa tare sai sautin ya riƙa rawa yana lilo. Wannan rawar muryar ita ce tambarin ogan titin Holan, kuma sunan da ake dangantawa da ita shi ne Carl Frei, Bajamushe da aka haifa a 1884, ya yi aiki a garin Breda na Holan tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya sake gina ɗimbin tsofaffin injinan Faransa da Beljiyam bisa nasa salon. Bayan yaƙi na biyu ya koma Waldkirch a Jamus, garin da dama can cibiyar wannan sana'a ne tun zamanin maƙera ogan na gidan Bruder, ya rasu a 1967. Sabon kunne yakan ɗauka injin ne ya saki saiti. Ba haka ba ne. Wanda ya saki saiti da gaske yana da tsami, ba lilo ba, kuma in ka saurari uku ko huɗu a jere za ka fara jin bambancin.

Mutumin da ka gani da gwangwani shi ma yana da tarihi. A 1875 wani ɗan Beljiyam mai suna Leon Warnies ya buɗe kamfanin bayar da hayar ogan a Amstadam. Wannan tsarin ne ya sa ogan Holan ya bambanta da na sauran wurare. Talaka ba zai iya sayen babban inji ba, amma zai iya hayarsa mako-mako, shi kuma mai kamfani yana kula da gyara da saiti da sababbin littattafai, domin injin da ke tsami ba ya kawo kuɗi. Da haka injinan suka yi ta girma har suka koma kan amalanke mai ƙafa uku, mutum biyu ko uku na tafiya da shi, ɗaya na juyi, saura na bin ƙofofi da masu wucewa da gwangwanin tagulla, suna girgiza shi daidai da kiɗa. Hukumar gari ce ke ba da lasisi, ta kuma ƙayyade unguwa da lokaci. Zuriyar Warnies ta ci gaba da sana'ar, gidan Perlee da ke unguwar Jordaan a Amstadam daga cikinta yake. A wasu ƙasashen labarin bai yi daɗi haka ba. A Landan an yi doka a 1864 don taƙaita masu kiɗan titi, kuma cikin waɗanda suka fi zaƙewa wajen neman ta har da Charles Babbage, mutumin da ya tsara injin lissafi mai karɓar umarni daga hudajjen kwali. A New York magajin gari La Guardia ya hana su baki ɗaya a tsakiyar shekarun 1930. A Holan ma rediyo da faifai sun kusa kashe abin, har sai da masoyansa suka kafa ƙungiyar Kring van Draaiorgelvrienden a 1954 suka shiga ceto waɗanda suka saura.

Akwai ogan guda ɗaya da duk ɗan Amstadam mai shekaru ya san labarinsa. Ranar 7 ga Mayu 1945, jama'a sun cika dandalin Dam suna murnar ƙarewar mamayar Jamus, sai sojojin Jamus suka buɗe wuta daga wani bene, mutum sama da 30 suka mutu. A hotunan ranar ana ganin mutane a maƙale bayan wani ƙaramin ogan da ake kira Snotneusje. Yana hannun gidan tarihin birnin Amstadam yanzu.

To, Haarlem ko Utrecht? Ba abu ɗaya suke yi ba. Museum Speelklok na Utrecht babba ne, ya samo asali daga wani baje koli na 1956, kuma tun 1984 yake cikin tsohuwar majami'ar Buurkerk a tsakiyar gari. A can za ka ga dangin abin gaba ɗaya: agogo masu kiɗa, ƙananan akwatuna masu haƙoran ƙarfe, fiyano mai kaɗa kansa, ɗan ƙaramin ogan da matan Faransa ke koya wa kanari waƙa da shi, har zuwa manyan na gidajen rawa. Ana biyan kuɗin shiga, jagora na zagayawa da ku yana kunna wasu, kuma suna da ɗakin gyara da ya yi suna har suka yi aiki a kan agogunan fadar sarakunan Sin da ke Beijin. In tsarin tarihi kake so daga farko zuwa ƙarshe, can ne. Amma jagora na da lokaci, ana kunna inji minti ɗaya ko biyu a wuce na gaba.

Na Haarlem zaure ɗaya ne a unguwar masana'antu, ba a tsakiyar gari ba, 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi, kuma ranar Lahadi da rana suke buɗewa. An kafa shi ne saboda wani ƙaton inji da ake kira Kunkels, da sunan mai shi na da, mutumin garin Roermond. Kamfanin Marenghi na Paris ne ya ƙera shi, Carl Frei ya sake gina shi. Kewaye da shi akwai na titi da na rawa. A nan ana kunna su bi da bi, waƙa ta kai ƙarshenta, mutane na zaune a tebura suna shan kofi, kuma wanda ya sa littafin sau da yawa shi ne wanda ya san kowace fata da ke ciki. Ga wanda ke son ya fahimci yadda abin ke aiki, ni ƙaramin nake zaɓa, in ya so daga baya ka je Utrecht da idon da ya riga ya buɗe.

In kana can ka lura da bambancin na titi da na filin wasa, wato inda ake kafa lilo da sauran kayan nishaɗi lokacin biki, da na gidan rawa. Na filin wasa an yi shi ne ya rinjayi hayaniyar taro da injina, saboda haka ƙara gare shi, kada ka tsaya dab da bakinsa, in da yara tare da ku ku ja baya. Na gidan rawa, wanda gidajen Mortier da Decap na Antwerp suka shahara da shi, faɗi gare shi kamar bango, kuma ganguna sun fi yawa a cikinsa don masu rawa na bukatar bugu.

Kada ka taɓa bututu ko gunki, kada ka jingina da inji, kada ka ajiye kofi a kansa. Katako ne da fata da gam irin na da, kuma babban abokin gabarsu busasshiyar iskar hita a lokacin sanyi, wadda ke tsaga katako ta sa fata ta ƙeƙashe. In ka ji zauren da ɗan sanyi, da gangan ne, ka tafi da rigarka mai kauri. Ka duba shafinsu na intanet kafin ka fita don tabbatar da lokacin buɗewa, ka kuma duba taswira, domin daga tashar jirgin Haarlem akwai 'yar tafiya. Daga Amstadam zuwa Haarlem kuwa bai kai minti 20 a jirgi ba. A teburin shaye-shaye na irin waɗannan wurare akan sayar da giya tare da shayi da kofi, sai ka faɗi abin da kake so a fili. In lokacin hunturu ne ka tsara sallarka tun daga gida, don a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba duk za su iya riskarka a waje. Ka kuma riƙe 'yan tsabar kuɗi a aljihu duk da cewa ƙasar ta koma kati. Ba a karɓar kuɗin ƙofa a Haarlem, da abin da baƙi suka jefa a akwatin taimako da abin da aka saya a teburin kofi ake sayen fata da biyan wuta. Allah ya kai ku lafiya.